Uwar Ƙullin Hajo

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Shagari a zamanin farar hula na biyu, in dai da safe ya biyo, ya san ƙamshin masar Hajo ko da bai san sunanta ba. A Boɗinga take zama, gab da tasha, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, da tandarta da murhunta da kwalbar man gyaɗa. Mace ce doguwa, marar yawan magana, wadda in ta kalle ka sau ɗaya ta san ko ta gero za ka ci ko ta shinkafa. A shekarun nan motoci ba su yankewa a hanyar, manya da ƙanana, masu tuta da masu lasifika, kuma kowace jam'iyya mutum yake yi, in ya iso Boɗinga sai ya taka birki.

Masu masa suna da yawa a garin, amma ta Hajo daban take. Tana tashi ta yi laushi kamar auduga, ga wani ɗan tsami a ƙarshen harshe wanda ba ya sa a yamutsa fuska, sai dai ya sa a miƙa hannu a ƙara. Asirin ba ɓoyayye ba ne. Yana cikin wata 'yar baƙar tukunya da ke ƙarƙashin gadonta, rufe da faifai.

A wani ƙauye gefen Shagari aka haifi Hajo, a gidan da mata suka gaji suyar masa. Ranar da za a kai ta ɗakin mijinta Sodangi, manomin albasa a Boɗinga, uwarta ta kira ta gefe ta ɗora mata wannan tukunya a hannu. Ƙulli ne a ciki, ragowar na jiya, wanda shi ma aka haɗa da ragowar na shekaranjiya, haka har zuwa hannun kakar kakarta. Uwar ƙulli suke ce mata. Kullum in an gama suya sai a rage ludayi guda, a zuba masa sabon gari da ruwa, ya kwana, da safe a ɗiba a tayar da ƙullin ranar. Ba a wanke cikin tukunyar. Ba a sayar da ita, ba a ba da aronta, kuma ba a ba namiji. Daga uwa sai ɗiya, ranar da za ta tafi gidan miji.

Nan ne abin ya tsaya wa Hajo a rai. 'Ya'ya mata biyu Allah ya ba ta, ƙyanda ta ɗauke su tun suna ƙanana. Namiji ɗaya ya rage, Lirwanu. Da Sodangi ya rasu ta fito bakin tasha da tandarta, da ita ta riƙe gidan. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk safiyar da ta ɗaga faifan nan sai ta tuna cewa abin da ya ratso hannun mata masu yawa ya iso gare ta, a kanta zai ƙare.

Shi Lirwanu boko ya yi, ya yi nisa, har ya zama malami a jami'a a Sakkwato. In mata suka tambaye ta ko likita ne, sai ta ce a'a. Ko alƙali ne? A'a. To mene ne aikinsa?

"Shina kallon abin da ba a gani," in ji ta.

Sai su yi dariya, ita kuma ta ci gaba da juya masarta, don iyakar abin da ta sani ke nan.

A shekarar da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kayan waje suka fara ɓacewa daga kantuna, wata Asabar Lirwanu ya iso a kan babur. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a kan turmi, ya ci masa har ta fara kallonsa ta gefen ido.

"Inna, roƙo na zo."

"In mata kake so a nema maka, mayafina na nan a ninke tun bara."

"Ba ita ba ce tukuna."

"To mi ne ne?"

Ya yi mata bayani a hankali. Akwai wata halitta ƙanƙanuwa, yis, irin wanda masu burodi ke sawa. Aikinsa shi ne ya gano yadda take girma da yadda take rabuwa ta zama biyu, don wanda ya gane wannan ya kama hanyar gane yadda jikin mutum ma yake girma. Irin da yake aiki da shi daga ƙasar waje ake kawowa cikin kwalba, yanzu kuwa an rufe wannan ƙofa, aikinsa ya tsaya cik. Kuma yana kyautata zaton abin da ke tayar da ƙullinta danginsa ne.

"Cokali guda kawai, Inna."

Hajo ta ajiye tsinken juyi. "Kai ka san ba a ba namiji."

"Na sani."

"To ka ƙara masa, ka hau babur ɗinka."

Bai yi gardama ba, halin ubansa ya ɗauko. Asabar ta zagayo sai ga shi da wani akwatin katako ɗaure a bayan babur. Bayan ta tashi daga tasha ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya fito da wani baƙin ƙarfe mai wuya kamar na zalɓe, da ɗan madubi a ƙasa wanda ya karkata har ya kamo hasken rana. Ya ce ba kyauta ya zo nema ba, kan tsinke kawai za ta tsoma masa a tukunya, abin da ko ƙuda ba zai ƙoshi da shi ba. Ta tsoma. Ya narkar da shi a ɗigon ruwa a kan gilashi, ya yi ta murɗa wani abu, sannan ya matsa.

"Rufe ido guda, ki leƙa."

Da fari ba ta ga komai ba sai gashin idonta. Can sai haske ya buɗe, ta ga wasu abubuwa kamar ƙwan zabi, birjik, ba iyaka. Wasu su kaɗai. Wasu kuma da ɗan ƙaramin ƙullutu manne a gefe, kamar mace da goyo.

"Waɗanga masu goyo fa?"

"Haihuwa suke yi. Babbar ita ce uwa, ƙaramar ɗiya. Haka ma masana suke kiransu. In ɗiyar ta yi ƙwari sai ta ɓalle. Ba ta haihuwa kuma sai ta kai wani girma, shi ne nake son in san yadda take gane ta kai. Ita kuwa uwar, duk ɗiyar da ta ɓalle sai ta bar mata tabo a jiki. In an sa musu wani rini ana iya ganin tabon."

Hajo ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta goge idon da bakin zane, ta ce hasken ne ya yi mata yawa. Ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar, ta ajiye kusa da shi, ta ɗora cokali a kan faifan.

"Ni ban ba ka ba," ta ce. "Wuta za ni gyarawa. Abin da anka yi a bayana ban gani ba."

Ta juya ta yi ta tura itace a murhun da ba komai a kansa, har ta ji an mayar da faifai.

Daga nan zamani ya fara juyawa. Cutar bushiya ta shiga shanu, ta kwantar da garke garke. Dije, Bafulatanar da ke kawo nono tasha, ƙawar Hajo ta shekara da shekaru, ta zo sallama da ido jawur, suka kora abin da ya rage musu suka yi kudu. Soja suka karɓi mulki, motocin nan masu tuta suka ɗauke kamar an share su. Sannan damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, daga Sifawa har Dingyaɗi. Mutanen da ke sayen masa don marmari suka koma neman abin da zai riƙe ciki. Hajo ta rage suya, daga kullum ta koma ranar kasuwa. Amma tukunya ba ta san ranar kasuwa ba. Kullum sai ta ci, kuma daga cikin abin da Hajo za ta kai bakinta take ɗibar mata.

Da bazarar da ta biyo, lokacin da yunwa ta fi tsanani, ciwon ƙirji ya kayar da ita. Ƙanenta Isa ya zo daga ƙauyensu ya ce ba zai bar ta ita kaɗai ba, da ita zai koma. Tukunya ba za ta jure rana da girgizar mota ba, don haka Hajo ta kira maƙwabciyarta Rabi, mace mai amana da yara cike da ɗaki, ta ba ta ɗan geron da ya rage a gidan, ta nuna mata yadda ake yi. Ba aro ba ne, ta ce, jinya ce.

Ta fi wata a kwance. Ranar da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba sai ga Rabi ta yi sallama, da tukunya a hannu, yaranta biyu a bayanta, wuyansu kamar sillen kara. Rabi ta durƙusa ta ajiye. Tukunyar ta yi fes, an dirje ta da toka da yashi ciki da waje, an shanya ta a rana har tana ƙara in an taɓa.

"Yaya Hajo, ba ni da bakin magana. Geron da kika bari, kunu na dama musu. Da ya ƙare, ƙullin ma na dafa musu." Ta sunkuyar da kai. "Na ga bai kamata in maido miki da tukunya ba wanki ba."

Ko da a ce busasshen ɓawo ya rage a gefen tukunyar, da an jiƙa shi ya farfaɗo. Ladabin Rabi ne ya ƙarasa abin da yunwa ta fara. Hajo ta dubi tukunyar, ta dubi yaran.

"Sun ƙoshi ranar?"

"Sun ƙoshi."

"To ta yi aikinta. Tashi, Rabi."

Sai da suka fita ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, da tukunyar a cinya, har aka kira la'asar.

Ta gwada tayar da sabon ƙulli kamar yadda sauran mata ke yi, a bar shi ya kwana ya yi tsami da kansa. Wani ya yi wari, wani ya kwanta shame-shame a tanda. Ɗanjuma direba, wanda ya fi kowa cin masarta kuma ya fi kowa tsokanarta, ya ɗaga guda ya leƙa ƙarƙashinta.

"Hajo, wagga masa ce ko faifai? In faifai ne ki ba ni biyu in kai wa uwargida."

Ta yi dariya tare da su. Washegari ba ta fito ba, jibi ma haka.

Lirwanu ya zo duba jikinta ya tarar da tanda a kife a bayan ɗaki, kaza na kwance a kai. Ta gaya masa abin da ya faru a taƙaice, ba ta ambaci sunan Rabi da laifi ba. Ta ce dama a kanta abin zai ƙare, ya dai riga ta tafiya ne.

Ya juya makullin babur a hannunsa.

"Inna, kin tuna ranar da kika tafi gyaran wuta?"

"Wannan ai ya shekara uku. Abin da in ya kwana biyu bai ci ba yake lalacewa."

"Tana ci."

Ta ɗago ta dube shi sosai. A nan ne ta lura shi ma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ba ta labarin da bai taɓa ba ta ba. Tun ranar da ya tafi da cokalin nan bai bar shi ya yanke ba. Da abincin kwalba da ake ba ƙananan halittun ya ƙare, sai ya koma jiƙa dawa ta tsira, ya dafa, ya tace, ya ba su ruwan. In sun cika kwalba ya ɗebi kaɗan da bakin waya ya mayar sabuwa. In zafi ya yi yawa ya binne kwalaben cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Da dawa ta yi tsada, daga cikin tasa ta tuwo yake ɗiba. A kansu ya yi dukan bincikensa, har ya ga wani hali nasu: in abinci ya yanke sukan daina haihuwa gaba ɗaya, su tsuke, su yi ta jira, ranar da abinci ya dawo kuma su farka su ɗora daga inda suka tsaya.

Washegari ya dawo da wata siririyar kwalba mai toshiyar auduga, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. A ciki wani farin abu ne ya kwanta a gefe. A jiki an manna 'yar takarda.

"Wanga ɗan majina shi ne gadon gidanmu?" in ji Hajo. "Mi anka rubuta nan?"

"Kowane iri sai an sa masa suna. Inna na rubuta. Duk wanda ya yi aiki da ita a wurinmu haka yake kiranta."

Ta tashi ta kori kazar daga kan tanda.

Suka dama gari da ruwa mai ɗumi a baƙar tukunyar, ya kankaro farin abin ya zuba. Da safe faifai ya ɗago da kansa. Hajo ta tsaya tana kallon kumfar, manyan idanu a tsakiya, ƙanana a gefe, yadda ta saba gani tun tana riƙe zanen uwarta. Ta soya, masa ta kumbura ta cika gurbi. Ta gutsura, ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

"Tashin nata ne, ko cikin dubu na gane shi. Amma ba ta da baki, Lirwanu. Lami ce."

Ya ɗanɗana, fuskarsa ta sauya. Ya ce laifin aikinsa ne. A tukunyarta iri biyu ne ke zaune tare: masu kama da ƙwai da ta gani, su ne masu tayarwa, da wasu sirara kamar tsinke, su ne masu kawo tsami. Shi bincikensa na masu tayarwa ne kaɗai, don haka tun farko ya tsince su ya ware, ya bar sauran suka tafi. Rabin gadon ya adana.

"Ta yi zaman birni ke nan," in ji Hajo. "Ta yi tsabta ta rasa dangi. Su siraran ina ake samun irinsu?"

"Danginsu ne ke sa madara ta zama nono."

Hajo ta tsaya da masa a hannu. Ta tuna uwarta, in sanyi ya sa ƙulli ya yi nauyi, takan karɓi ɗan nono wurin Fulani ta tarfa a tukunya, ta ce tana gaishe da ita ne. Amma nonon kirki ya ɓace daga Boɗinga tun tafiyar shanu, abin da ake kawowa ruwa ne da garin kuka. Ta ce za ta jira. Ta ci gaba da ciyar da tukunya kullum, tanda kuwa ba ta kai ta tasha ba, don ba za ta sa sunan gidansu a kan lami ba.

Damina ta sauka da albarka a shekarar nan. Ciyawa ta rufe ƙasa, waɗanda suka yi kudu suka fara dawowa. Wata hantsi aka yi sallama da wata murya da Hajo ta sani, sai ga Dije da ƙwarya a ka, ta yi baƙi ta bushe, amma bakin yana nan.

"Kaɗo, an ce kin mutu, na zo cin gumba."

"Wa zai mutu ya bar ki da duniya? Shanu nawa kunka dawo da su?"

"Waɗanda Allah ya bari. Guda ta haihu a hanya."

"Sauke in gani, in ba ruwan rafi kika kawo mini ba."

Nono ne kindirmo, mai kauri, na saniyar da ta ci sabuwar ciyawa. Hajo ta tarfa ludayi guda a tukunya ta yi bisimilla. Kwana na fari tsamin ya yi kaifi, na nono ne zalla. Ta rage, ta ciyar, ta sake ragewa, ta ciyar. Kwanaki suka yi ta tafiya, na cikin tukunya suna sabawa da juna, har wata safiya ta ɗaga faifai ƙamshin ya bugi fuskarta, ta ji kamar a ɗakin uwarta take.

Ranar kasuwa ta fito ƙarƙashin dogon yaro. Ɗanjuma ya zo da shirin tsokana, ya karɓi guda, ya ci, ya karɓi ta biyu. Da ya gama ya share hannu a hularsa.

"Ina kika ɓoye ta duk kwanakin nan?"

"Jami'a ta tafi," in ji Hajo. "Karatu ta yi ta dawo."

Ita dai ta san ba ita ce sak ba, akwai ɗan abin da ya bambanta a can ƙarshen harshe, kuma ba ta ɓoye wa Lirwanu ba. Ta ce ai ita ma ba ta zama uwarta sak ba, amma ba wanda ya taɓa cewa ba ɗiyarta ba ce.

Asabar ta gaba da ya zo, a tasha ya same ta. Da zai tafi ta ce ya dakata. Ta jawo wata sabuwar 'yar tukunya daga bayan murhu, an rufe ta da sabon faifai mai ado, irin wanda ake sa wa amarya cikin kaya. A gaban direbobi da 'yan kamasho da Dije da Rabi ta miƙe tsaye ta ɗora masa ita a hannu biyu.

"Waccan ranar ban ba ka ba. Yau na ba ka, ido na kallo. Ba a sayarwa, ba a ba da aro, ba a wanke ciki. Wagga kuma kada ka tsince mata dangi."

"Inna, ai ba a ba namiji."

"Wanda ya ciyar da ita daga tuwonsa a shekarar yunwa, shi ne ɗiyata. Ka riƙe har Allah ya ba ka taka."

Ɗanjuma ya leƙo ta tagar mota. "Malam, sai mu zo ɗaukar amarya yaushe?"

Tasha ta ɗauki dariya. Lirwanu ya cire rawanin da ke wuyansa ya naɗe tukunyar, ya ɗaure ta a bayan babur, ya ja igiyar ya sake ja. Ya hau ya kama hanyar Sakkwato a hankali, yana kauce wa kowane rami. Hajo ta bi shi da kallo har ya wuce gonakin gero, sannan ta zauna ta zuba mai a tanda, don mutane na jira.